Anti, ina zan samu waɗanda suka daina giya mu zauna?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana.

Daren Juma'ar da ta wuce matata ta kwashe yara ta bar gidan, kuma ba kowa ya jawo ba sai yayana. Shigowa ya yi ko sallama babu, ya zarce bayan gida, ya ɗaga murfin tankin ruwa ya zaro kwalbar, ya zo ya dire ta tsakiyar falo a gaban 'ya'yana. Wa ya gaya masa tana can? Abin da ke cin raina ke nan har yanzu. Babbar 'yata ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta ja hannun ƙaninta suka shige ɗaki.

Ina shan giya, Anti, ban zo ɓoye miki ba. Amma ban taɓa ɗaga wa matata hannu ba, ba a taɓa koro yarana daga makaranta kan kuɗi ba, ba a kuma taɓa tsinto ni a kwata ba. Shi Yaya tun rasuwar Baba yake neman inda zai kama ni. Ni na yi jinyar Baba, ni na kwana a benci a asibiti, shi sai dai waya. Shi ya sa Baba ya damƙa mini takardun gida, ba roƙa na yi ba, ƙannenmu duk shaida ne. Da aka zo rabo an ba kowa nasa, ko sisi ban ci ba, amma har gobe yana ganin na raina shi. Yanzu ya samu abin da yake so, yana bin dangi ɗaya bayan ɗaya wai shi mai neman shiriyata ne.

Na manta ban faɗa miki ba, tun kafin wannan tonon sililin ni da ƙafata na je wurin likita. Na taɓa yanke sha gaba ɗaya ni kaɗai. Washegari hannuna na karkarwa, maɓallin riga ya gagare ni, kofi na buga mini haƙori, zufa kamar an watsa mini ruwa. Dare na biyu na fara ganin abubuwa na tafiya a bango. Likita ya ce wanda jikinsa ya saba, idan ya tsaya farat ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga, har a rasa rai, kuma kwana na biyu zuwa na uku sun fi haɗari. To kwalbar da Yaya ya zaro ta ragewa ce. Wa ya tsaya ya tambaye ni?

Likitan ne ya ce magani jiki kawai yake gyarawa, sai na nemi mutane irina. Ya ambaci Alcoholics Anonymous, wato AA, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina sha. Na karanta a waya cewa a 1935 aka fara ta a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, mashaya biyu ne, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka lura hirar da suke yi da juna ita ke hana su komawa. Ba kuɗin shiga, ba a neman cikakken suna, sharaɗin kawai mutum ya so dainawa. Akwai matakai 12 da ake bi don dainawa, kuma sabon shiga yakan zaɓi wanda ya daɗe da dainawa ya riƙa kiransa idan abin ya taso. Wannan nake so, Anti. Mutumin da zan kira tsakar dare bai fara mini da wa'azi ba.

Sai dai ina suke? Wuraren da na gani a intanet duk sun yi mini nisa, lambar da na samu kuma ba ta shiga. Na shiga wani zamansu ta Zoom, na kashe kyamara, ina zaune cikin mota don kada a ji. Wani dattijo ya ba da labarinsa, wallahi sai da na yi hawaye. Amma da na kashe wayar ni kaɗai ne dai. Ina son wanda zan gani ido da ido. Kuma ina tsoron hakan, don idan kusa ne wani zai gane ni. An ce wasu a ɗakin taron coci suke zama, wasu a sashen masu taɓin hankali. Ranar da aka gan ni a ƙofar ɗaya daga ciki, Yaya ya samu sabon labari. Su dai sun ce ba ƙungiyar addini ba ce, ke ya kika gani? Na kuma karanta cewa ko mutum biyu ko uku ne suna iya kafa nasu zaman. To ta yaya zan tambayi mutum ko shi ma mashayi ne?

Akwai Al-Anon ma, ta iyalan mashaya, tun 1951. Na tura wa matata bayaninta, ta buɗe saƙon ba ta amsa ba. Na san zuga ta ake yi, da ba haka take ba.

In je in same ta yanzu, ko in bari sai na fara zuwa zaman don in samu abin nuna mata? Idan na jira kuma suka ƙarasa juya mata tunani fa? Don Allah ki amsa mini a shirin wannan makon, kada ki bari sai na gaba.

Naki,
Wani uban yara