Rahoton kwamiti: ginin gidan man kaɗe na ƙauyenmu ya kammala

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa na Aboabo, Asawase da Sawaba, da duk wanda ya sa hannu ko da sidi ɗaya ne. Toh Alhamdulillahi, gidan man kaɗen nan da muka daɗe muna damunku da maganarsa an gama, mun miƙa makulli hannun Magajiya a gaban sarki da asambuliman. Shi ne Alhaji ciyaman ya ce a rubuto muku yadda aka yi tunda ba kowa ya samu zuwa ba, daga Kumasi ka bi Techiman ka bi Kintampo da Tamale har ka wuce Walewale ai ba ƙaramar tafiya ba ce.

Kun dai san abin da ya tayar da maganar. 'Ya'yanmu mata ne muke gani a kasuwar Kejetia suna kayayo, wato dakon kaya a ka, suna kwana a bakin shaguna, alhali iyayensu na can gida suna tsintar kaɗanya tun asuba duk damina, ga macizai ga raɓa, a ƙarshe su sayar wa dillali da ƙwarar a bagas saboda ba wurin ajiya ba injin niƙa. Man nan kuma shi ne Turawa ke sawa a cakuleti da man shafawa, hedikwatar Global Shea Alliance, ƙungiyar masu harkar kaɗe ta duniya, ma a nan Accra take tun 2011, amma mai tsintar ba ta ga komai.

Kuɗin gini da na inji wani ofishin jakadanci ne a Accra ya bayar, mu kuma sharaɗinmu fili da takardarsa, yashi, ruwa da lebura. Kuma ba sa ba da kuɗi gaba ɗaya, sai ka kai rasit na kashin farko tukun, har ƙusa sai da rasit, ma'ajinmu ya sha wahala wallahi don mai sayar da yashi a ƙauye ina ya san wani rasit. Da Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agaji USAID a farkon 2025 wasu sun yi ta kiranmu ko namu ya tsaya, a'a namu ba daga can ya fito ba. Ma'aikacin da ofishin jakadancin ya turo ne ya ba mu labarin jihar Oita ta Japan inda tun 1979 suka fara tsarin kowane ƙauye ya riƙe kaya ɗaya da aka san shi da shi, muka ce ai namu a bayyane yake. Gwamnatin Ghana ta zo da maganar kowace gunduma masana'anta ɗaya a 2017, mu dai ba mu kai masana'anta ba, rumfa ce mai mutunci.

Abin da aka gina: sito mai dakali don kar buhu ya taɓa ƙasa, ɗakin inji, ɗakin bugun mai, daɓen siminti na shanya, da bohol.

Kuskurenmu babba shi ne zane. A nan Kumasi muka zauna muka zana, maza zalla, muka sa murhun suya a cikin gini kusa da ɗakin bugu. Ranar da aka ja igiyar fandisho Magajiya ta zo ta tsaya ta kalli takardar, a juye ma ta riƙe ta, ta tambayi sakatare ina wuta za ta zauna. Ya nuna mata. Ta ce "ɗana, wanda ya zana wannan bai taɓa soya kaɗe ba, hayaƙi zai kashe mu kuma mai ba zai kwanta ba a ɗaki mai zafi." Kunya ta kama mu. Sai da muka rubuta wa masu tallafi suka amince, sati uku aiki a tsaye, aka fitar da murhu waje ƙarƙashin rumfa, aka kuma matso da famfo bakin ɗakin bugu saboda aikin nan ruwa yake ci ba kaɗan ba. Daɓen shanyar ma matan ne suka ce a ƙara faɗinsa, ƙwara in ba ta bushe da wuri ba sai ta yi funfuna man ya yi ɗaci, kuma yanzu shi ne wurin da ya fi ko'ina aiki.

Bulon farko da wani ya kawo mana da hannu kake murje shi, mun mayar, kuɗin motar kam ya tafi, laifinmu ne da ba mu tura mutum ya duba ba. Wutar da za ta ja inji ba ta iso ƙauyen ba don haka na dizal muka sa, kuma dizal ɗin ba ya cikin tallafi, matan ne za su riƙa cirewa daga kuɗin niƙa.

Saura kasuwa, wannan kuma masu tallafi sun ce namu ne. In za mu zuba a roba da tambari sai mun yi rajista da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, takardu na hannun sakatare. Kashin farko na mai ya iso, yana shagon Hajiya ma'ajiyar mata a Aboabo, masu sabulu da masu koko da ƙosai dan Allah a zo a gwada a faɗa mana gaskiya. Lissafin kuɗi kuma za a karanta ranar Lahadi bayan la'asar a inda muka saba zama, wanda ya turo ta momo ya zo da saƙonsa a waya a duba tare.