Sanarwa kan banɗakin filin wasa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Zanen banɗakin filin wasanmu ya fito, amma akwai gyara kafin a kira magini. Ramin ya matso kusa da rijiyar masallaci, alhali ana so a bar aƙalla mita 30 tsakani, don haka sai can ƙarshen fili. Kada mazaunin ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Ƙofar mata kuwa ta kauce wa inda samari ke zaman kallon ƙwallo, in ba haka ba wallahi babu wadda za ta shiga. A sa bututun iska mai raga a baki saboda ƙudaje, famfo kuma ƙasa-ƙasa don cika buta. Mai keken guragu fa? Matakala uku aka zana masa! A mayar da wajen gangara. Mu haɗu Asabar bayan la'asar.