Amsa ga Alhaji mai ginin bakin kwalta a Bukoki

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame salla, ka tsaya a ƙofar masallaci gaban mai unguwa da jama'a ka tambaye ni, ko na taɓa ganin inda aka hana mutum yin abin da ya ga dama da abin da ya mallaka. Ban amsa maka nan take ba, domin rai ya ɓaci a lokacin, kuma ba na son in yi ja-in-ja da wanda ya girme ni a gaban yara. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a nake ba ka amsa.

Gini naka ne, babu mai musu a kan haka. Shekara da shekaru teloli da mai kantin kayan masarufi suna haya a ciki, ƙofofinsu duka suna fuskantar kwalta, kuma ba mu taɓa kai ƙara ko'ina ba. Da ka sallame su ka mai da wurin mangazar siminti da rodi ma, da yawa daga cikinmu mun yi murna, saboda samarin unguwa sun samu aikin dako. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ƙofa. Ka toshe ta bakin kwalta, ka fasa wata babba ta baya, cikin lungun da gidajenmu suke, wanda aka yanka shi don masu ƙafa da babura da kurar 'yan garuwa. Yanzu idan babbar mota ta iso daga Malbaza da siminti, takan tsaya tun hantsi har la'asar ana sauke kaya, yaran da ke dawowa daga makaranta sai sun raɓa bango, ƙura kuwa har cikin tukunyar tuwo. Murfin magudanar ruwan da muka haɗa kuɗi muka gyara ya riga ya karye ƙarƙashin tayoyi, ga damina na tafe, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2024 a Yamai ya san abin da toshewar magudana ke jawowa.

Na san za ka ce siminti ba ya cin wuta. Gaskiya ne, amma gidajen da ke bayansa suna ci. Kai da ka daɗe a kasuwanci ka fi ni tuna gobarar Babbar Kasuwa ta 1982 da ta Ƙaramar Kasuwa ta 2012. Idan wuta ta tashi a ƙarshen lungunmu, Allah Ya kiyaye, ta ina motar 'yan kwana-kwana za ta bi alhali taka ta cike hanya? Mai naƙuda ma, da tsakar rana, sai dai a ɗauko ta a hannu.

To, ga amsar tambayarka. E, na taɓa gani, kai ma ka gani. Mai fili ba ya ɗora gini sai da izinin ma'aikatar magajin gari, alhali filin nasa ne. A addini kuma hadisi ya tabbata cewa babu cuta babu cutarwa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a bar mata faɗin zira'i bakwai. Iyakar mallakarka bangon gininka ce. Lungu kuwa ba naka ba ne, ba nawa ba ne.

Roƙonmu shi ne ka buɗe tsohuwar ƙofa a riƙa sauke kaya ta bakin kwalta, ka bar ta baya ga masu shiga da ƙafa, ka kuma gyara murfin magudana kafin ruwan farko. Idan dillalanka sun ce tsayuwa a kwalta na jawo musu tara, mu zauna gidan mai unguwa mu tsai da lokacin saukewa, bayan yara sun shiga aji. Takardar da maƙwabta suka sa wa hannu tana wurina, ban kai ta ma'aikatar magajin gari ba, kuma na roƙe su su ƙara haƙuri har Juma'a mai zuwa.

Wassalam,
Maƙwabcinka na bayan gini