Kafin ka biya kuɗin motar tsere, ka shiga ƙarƙashinta tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka, akwai maganar da ta tsaya min a rai tun watan jiya kuma naga idan ban faɗe ta ba zan ji kamar na ci amanar sana'ata. Ni bakanike ne a Kaduna, a kan Peugeot 504 na koyi aiki, daga baya na koma motocin Jamus. Yanzu wani yayi ya shigo wa samarinmu, kowa so yake ya mallaki motar tsere ko motar wasa, irin wadda ake juyi da ita taya na hayaƙi. Sai a turo wa yaro bidiyo a WhatsApp, mota ta sha sitika, salansa na ƙara kamar aradu, shikenan ya fara neman inda zai haɗa miliyoyi ya tura.

Haka ta faru da ɗan yayana. Ya zo gareji da yamma yana murna, yace Baffa na samu mota, BMW ce 325i, samfurin da ake kira E36, an yi tsere da ita a Turai, ta Kwatano ta shigo, mai ita yace lafiyarta ƙalau kuma mita bata yi nisa ba. Nace to Alhamdulillahi, amma kar ka tura ko sisi sai na je na ganta da idona. Ransa bai so ba, don dillalin ya riga ya faɗa masa wai akwai mutum biyu da suka taya. Nace su taya, idan rabonka ce zata jira mu.

Maganar mita da ya fara yi ita ce kuskuren farko da kowa ke yi. Motar gida da kilomita ake auna ta, amma motar tsere masu ita da awa suke lissafin injinta, awa nawa ya yi tun daga ranar da aka buɗe shi aka sake masa ringi da metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu. Motar da ta yi kilomita 5,000 a filin tsere, allurar juyin inji na can sama kusa da ja tun safe har yamma, ta fi wadda ta yi 100,000 tsakanin gida da ofis shan wahala. Kuma 325i ɗin E36 tsakanin 1990 da 1995 aka ƙera su, wato ƙaramar cikinsu ta kai shekara 30, to wace mita zaka yarda da ita a irin wannan motar?

Na ce wa dillalin ta waya kar ya tada motar ranar da zamu zo, ina so na same ta da sanyinta. Muna isa na ɗaga bonet na ɗora bayan hannuna a kan injin, sai na ji shi da ɗumi. Yace wai matsar da ita kawai aka yi daga rana. Ban ce komai ba, amma duk wanda ya san mota ya san injin da ke hayaƙi ko ƙarar metal da safe yake tona kansa, idan ya yi zafi sai ya rufa wa kansa asiri. Yaron nan shi kuma har ya shige ciki ya kama sitiyari yana so a ba shi makulli. Nace fito, ba daga nan ake farawa ba, a samo mana rami ko a ɗaga ta a kan jek.

Wallahi Malam Edita abin da nake so masu karatu su riƙe kenan. Inji idan ya mutu ana saye a sa wani, giyabos ma haka, amma gangar jikin mota idan ta karkace ko ta tsage ta tafi kenan, duk abin da ka ɗora a kai asara ne. Na kwanta a ƙasa da tocilan ina bin ta daga gaba zuwa baya. Ita E36 an san wuraren da take tsagewa, inda aka ɗaure aksil ɗin baya da bodi, da inda hannun tayar baya yake kama jiki, da kuma saman shokozoba na baya idan ka buɗe but. A gefen hagu na ga an shafa baƙin kwalta mai kauri, sabo fil, alhali sauran ƙasan motar duk ƙura ce da tsohon datti. Na sa sukundireba na kankare kaɗan, sai ga tsaga kamar tsawon yatsa, an bi ta da walda sama-sama an rufe. Na kira yaron nace sunkuyo ka gani da idonka, kar gobe kace Baffa ne ya hana ka.

Daga nan na ɗauko tef na auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya. A takarda milimita 2,700 ne tsakaninsu a E36, kuma dole hagu da dama su zo daidai ko kusa da haka. Tata gefe ɗaya ya gaza ɗayan da kusan faɗin yatsa biyu. Motar ta taɓa cin duka kenan, an ja ta an gyara an yi fenti. Na bi fenda da ƙofa da mayen ƙarfe, a wurare biyu ya ƙi kamawa, fila ce cike a ciki, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti. Ni ban ɗauki haɗari a motar tsere a matsayin abin kunya ba, kusan duk wadda aka yi tsere da ita da gaske ta taɓa bugun wani abu, abin da ke ɓata min rai shi ne a ɓoye. Mai gaskiya zai nuna maka hoton ranar da ta bugu da hoton gyaran da rasit ɗin wanda ya gyara.

Sai kejin bututun ƙarfe da ake kafawa a cikin motar tsere, wanda shi ne ya fi burge yaron don an yi masa jan fenti. Aikin kejin ɗaya ne, idan mota ta kife ya hana rufi ya danne kan direba. Hukumar FIA da ke kula da tseren mota a duniya ta fayyace irin bututun da za a yi shi da shi, ƙarfe ne mara ɗinki, babban bakan da ke bayan kujera faɗinsa milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2, kuma kowace ƙafa sai ta zauna a kan farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 da aka haɗa da jikin mota. Na wannan motar da na shafa bututun sai na ji layin ɗinki a jikinsa, irin bututun da ake yin ƙofa da rumfa da shi. Na sa ɗan madubi a saman mahaɗar da ke kusa da rufi, wajen da hannun mai walda baya kaiwa da sauƙi, sai na ga rabin zagayen kawai aka yi wa walda, saman a buɗe yake. Irin wannan kejin ranar da aka kife ba zai tare komai ba, ƙarshe ma shi zai karye ya soki na ciki. Kuma ko mai kyau ne, keji da hular kwano ake shigarsa. Yaro ya ɗauki mota mai keji ya shiga gari da kai a sake, ko ƙaramin karo aka yi ƙeyarsa ce zata daki ƙarfe.

Kujera da bel ma suna da wa'adi kamar magani, mutane da yawa basu sani ba. Akwai ɗan lakabi a jikinsu da ke nuna shekarar da suka daina aiki, bel shekara 5 ne, yawancin kujerun ma shekara 5, wasu masu tsada 10. Bel ɗin motar nan 2014 aka rubuta a jikinsa, rana ta cinye shi har ya yi fari. Tayoyin ma na duba lambobi huɗun ƙarshe da ke gefensu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, duk sun tsufa sun bushe duk da zanensu bai cinye ba.

Sai a ƙarshe na zo kan injin. Silinda shida ne lita 2.5, inji ne mai ƙwari idan an riƙe shi da kyau, ina son shi sosai. Na cire fulogi shidan na jera su a kan tsumma yadda suke a jere a injin, biyar kalar ƙasa-ƙasa, na biyar ɗin a layi kuma baƙi ne jiƙe da mai. Na sa geji na gwada kwamfureshan, wato ƙarfin matsin kowace silinda, sauran suna wajen 170, shi ko 120 bai kai ba. Ƙa'idar da muke bi ita ce kar bambanci tsakanin silinda ya wuce kashi 10 cikin 100. Wani abu mai daɗi da wannan injin shi ne filtar baƙin mai a sama take, ka kwance murfi ka zaro takardar, na buɗe ninkinta a rana sai ga ɗan ƙyalƙyali kamar garin tagulla, alamar metal ya fara ci. Na tambayi dillalin ko an ɗaure notin famfon baƙin mai da waya, don an san shi da kwancewa a wannan injin idan ana yawan kai shi sama, kuma in ya kwance mai ya daina zagawa nan take inji ya yi nokin. Yace shi dai sayarwa aka ba shi. Lagireto ma wuyansa roba ne, yana tsufa ya fashe babu sallama, nata har ya canza kala.

Akwai kuma maganar fetur. Yawancin motocin da aka shirya don tsere a Turai an saita birenbos ɗinsu, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, a kan fetur mai inganci mai lamba 98, namu na gidan mai kuwa bai kai nan ba, ga zafin Maris da Afrilu. Idan ba a sake saitin ba injin zai dinga ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wata rana fistin ya huje. Aksil ɗin bayan ma an yi masa walda tayoyin biyu suna juyawa tare, da muka tura ta a kwana ana jin tayar ciki na tsalle. Masu wasan juyi suna son haka, amma a kan kwalta ranar da aka yi ruwa mota ce mai juya wa mutum baya ba shiri, kuma shi ne ke ƙara tsaga inda na gani a ƙasa.

Takardu kuwa babu. Motar da ta yi tsere na gaskiya tana da ɗan littafinta da masu duba mota ke sa hannu a duk gasar da ta shiga, akwai takardar shaidar keji, akwai rasit na gyaran inji. Nace ina suke, yace suna wajen mai ita a can. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 na gwada da ta takardar kwastam, ita dai ta yi daidai, wannan kam na ba shi gaskiyarsa. Amma ina jan kunnen masu sayen irin waɗannan motoci daga Ingila ko Japan, sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu, don haka juya su ake yi, kuma na sha ganin juyin da aka yi da yanke da walda a sandar sitiyari. Wannan ko a motar zuwa kasuwa ban yarda da shi ba balle wadda za a taka da gudu.

Kar wani ya ɗauka ni maƙiyin tsere ne. Muna yara masu gidanmu suna ba mu labarin yadda 504 ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a nan Kaduna, kuma muna alfahari da hakan har yau. 'Yan'uwanmu na Agadas sun ga motocin gasar Paris-Dakar da idonsu suna keta hamadar Tenere. Amma waɗancan motocin bayan kowace gasa warware su ake yi a duba ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, abin da ya gaji a jefar. Mu kuma abin da aka jefar ɗin ne wani lokaci ake yi wa fenti a turo mana, yaro ya saya ya je wajen biki yana juyi a tsakiyar mutane, yara ƙanana na tsaye a gefe suna tafi. Duk ranar da na ji an ce mota ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo sai na tuna irin tsagar da na kankare da sukundireba.

A hanyar dawowa yaron bai yi min magana ba sai da muka yi nisa, sannan yace Baffa to yanzu ya za a yi, ni fa ina son motar nan. Nace na sani, nima da ina shekarunka zan so ta. Shawarar da na ba shi ita ce mu nemi E36 ta gida wadda ba a taɓa wasa da ita ba, mai lafiyayyen ƙashi ko da fentinta ya koɗe, mu ƙarfafa wuraren da take tsagewa, mu canza lagireto da famfon ruwa da man birki, mu sayi bututu na gaske a yi keji a gabana, ya sayi hular kwano da sabon bel kafin ya sayi sitika ko ɗaya. Zai ɗauki lokaci kuma kuɗin ba zai yi ƙasa ba, amma duk waldar da ke jikinta mun san wanda ya yi ta. Kuma na kafa masa sharaɗi, ba a titi ba, ba a wajen biki ba, sai a filin da aka killace.

Dan Allah Malam Edita ku tura wakilinku ya zagaya wajen masu wannan wasan a Kano da Kaduna da Abuja, ya tambaye su waye ke duba musu keji da bel kafin su fito, ya kuma tambayi hukumomi ko akwai filin da za a ware musu. Mu dai ranar Asabar akwai wata 325i da zamu je gani a wajen wani dattijo da yace tun da ya saye ta iyakarta gida da ofis, na riga na faɗa masa kar ya tada ta sai mun iso.

Naka mai karanta jaridarku kullum,
wani bakanike daga Kaduna.