A faɗa wa mata littafin da zai yi aiki a madafarsu

Zuwa ga shugabar shirin mata da iyali,

Assalamu alaikum, Hajiya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in sa baki kan tambayar da masu sauraro ke yawan aiko miki: wane littafi ko wane shafi ne mace za ta karanta ta ƙara sanin girki? Littafin da ya cancanci kuɗin mace shi ne wanda ke ba da awo, ya faɗi ƙarfin wuta da tsawon lokaci, ya kuma bayyana abin da ke sa girkin ya lalace. Wanda ya cika hotuna amma ya tsaya ga "a zuba daidai misali", a bar wa mai shago kayansa.

Littattafan da suka fi samuwa a Yamai, wajen masu shimfiɗa littafi a ƙasa, na Faransanci ne. Shafin girki na Marmiton ma haka, ga mai intanet a waya. Wajen kek da biskit da kayan fulawa sun yi, don suna auna komai da giram. Sai dai a san ƙa'idarsu. Babban cokalinsu mililita 15 ne, ƙaramin kuma 5. In an ce a sa wuta a lamba 6, ana nufin digiri 180, domin kowace lamba digiri 30 ce. Akwai kuma abin tashi iri biyu da suke kira da suna kusan ɗaya: levure chimique garin da ake sa wa kek ne, ƙunshi ɗaya giram 11 ga fulawa rabin kilo, yana aiki da zarar ya ji ruwa da zafi, levure boulangère kuwa yis ne na burodi da fanke, sai an ba shi lokaci ya kumbura. Wadda ta musanya su za ta fitar da kek mai nauyi da bai tashi ba, ta ɗora laifin a kan littafi.

Mai koyo ta fara da kek ɗin yawur, don ba ya buƙatar sikeli. Robar yawur ɗin ita ce ma'auni: yawur ɗaya, sukari biyu, fulawa uku, mai rabi, ƙwai 3, garin tashi ƙunshi ɗaya, minti 30 zuwa 35. Marar murhun gashi ta zuba rairayi a babbar tukunya, ta bari ya yi zafi, ta ɗora kwanon a kai, ta rufe, ta sa garwashi kan marfin. Na sama ya fi na ƙasa yawa, in ba haka ba gindin ya ƙone tsakiya na ɗanye. Kada a buɗe kafin minti 20, iska na shiga kek ya faɗa.

Littattafan Faransancin nan an rubuta su ne don madafar da ba ta wuce digiri 20 ba. Nan Tawa a watan Afrilu da Mayu zafi na haura 40. In littafi ya ce a bar ƙullu awa biyu ya tashi, a bazara minti 45 na iya isa. Ya wuce haka sai ya yi tsami ya sha mai. A lokacin ɗari kuwa awa biyun ma kan yi kaɗan. Ido ne alƙali: ƙullu ya ninka biyu, a soya. Ga fanke, fulawa rabin kilo na son ƙaramin cokali ɗaya da rabi na busasshen yis, sukari giram 100, gishiri kaɗan, da ruwa mai ɗumi kusan mililita 400. Ruwan ya zama wanda yatsa ke jurewa, tafasasshe kashe yis yake yi.

Shafukan matan Kano da Kaduna a Facebook da YouTube sun fi kusa da tukunyarmu, kuma da harshenmu suke. Wajen waina, ɗanwake, alkaki da dambun nama, a nan za a fi samun hannu. Matsalarsu awo. Mudunsu ba tiyarmu ba ce, kofin wannan ba na waccan ba ne. A riƙa ɗaukar kason kawai: in an ce shinkafa kofi huɗu da dafaffiya rabin kofi, to takwas ne bisa ɗaya, da kowane kwano aka auna. A kuma lura da kanwa, wadda kusan ba mai faɗin yawanta. A jiƙa ta, a tace, a zuba ruwan kaɗan kaɗan. Ta yi yawa ɗanwake ya canza launi ya yi ɗaci. Shafin da ke ɗauko girkin Amurka kuma, kofinsu mililita 240 ne, digirinsu 350 shi ne 180 ɗinmu. Ni a ganina duk bidiyon da ke sa dunƙulen ɗanɗano biyar a miyar mutum huɗu, ko ya ce wani haɗi na warkar da ciwon sukari, a wuce shi kawai.

Akwai karatun da ba a cika ambata ba, alhali ya fi wasu littattafan girki amfani ga gidan da ke ajiyar cimaka: takardun bayani na RECA, haɗin majalisun manoma na ƙasa, da ke shafinsu kyauta kan noma, adanawa da sarrafa amfanin gona. Mace mai son shanya zogale, ko ajiye albasar Galmi ta kai watanni, ko kare wake daga ƙwari, can ya kamata ta leƙa. Zogale a inuwa ake shanya shi, rana na cinye launinsa da wani ɓangare na amfaninsa. Albasa sai wuyanta ya bushe sarai kafin a ajiye ta, kuma a wurin da iska ke ratsawa. Masu dafa wa marasa lafiya ko ƙananan yara kuma, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, da Faransanci da Turanci.

Abincinmu na nan, irin su kopto, malku, beruwa da miyar daudawar batso, bai cika shiga littafi ba. Roƙona, Hajiya, duk baƙuwar da kika gayyato ta koya girki, a sa ta auna kayanta kafin ta shigo, da tiya ko gwangwanin tumatir ko cokali, ta faɗi mutum nawa abincin zai ciyar. A maimaita awon sau biyu sannu a hankali don masu rubutawa, a kuma sa shi a shafin gidan rediyon bayan shiri.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Tawa