Ka dakata da sayen batir ɗin nan tukuna

Assalamu alaikum ɗana,

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya fama da jama'a. Ummanku ta faɗa min wai motar taka ta fara ƙin tashi da safe, kuma har ka yanke shawarar sayen sabon batir in an yi albashi. Shi yasa nace bari in zauna in rubuto maka, dan a waya kai baka tsayawa magana ta kai ƙarshe, sai dai "to Baba, to Baba". Ka dakata tukuna. Ban ce ba batir ɗin bane, wataƙila shi ne, amma ai baka gwada ba, kuma a harkar wutar mota ta nan kuɗi ke zurarewa, a sayi abu a ɗaura aga ba shi bane, a koma a sayo wani, alhali ciwon gaba ɗaya wani noti ne ya saki.

Ka nemi mita, ƙaramar nan ta gwada wuta mai wayoyi biyu ja da baƙa. Ka murɗa ta kan 20 a ɓangaren V ɗin da ke da miƙaƙƙen layi a samansa, ba mai lanƙwasa ba, wancan na wutar gida ne. Da safe kafin ka taɓa makulli ka buɗe bonet, ja kan fositif mai alamar +, baƙa kan negetif mai alamar -. Batir mai lafiya da ya cika zai nuna maka 12.6 ko kusa da haka. In kaga 12.4 ya ɗan sauka, 12.2 kusan rabi kenan, in kuwa ya yi ƙasa da 12 to babu abin kirki a ciki. Nan mutane ke ruɗewa, mutum yaga 12.0 sai yace ai batir dama 12 ne, lafiyarsa ƙalau, alhali wannan batir ɗin a galabaice yake. Sai ka sa wani ya murɗa makulli kai kuma idonka na kan mita, lamba zata faɗi dole, amma bai kamata ta gangara ƙasa da 9.6 ba. In ta zube zuwa 7 ko 6 duk da ya sha caji, to nan kam batir ya gama aiki, ka saya da hujja. Dama shekara 3 zuwa 5 suke yi, kuma zafi yana rage musu kwana.

Mota ta tashi, kar ka cire mitar. Yanzu lamba ya kamata ta haura tsakanin 13.5 da 14.7, kuma ko ka kunna fitilun gaba da fanka kada ta yi wani mugun faɗuwa. In injin na aiki amma tana nan a 12 da ɗoriya ba motsi, to ba a nan gizo ke saƙar ba, altaneta ce bata caji. Batir kamar randa yake, altaneta ce mai zuba ruwan, in mai zubawa ya daina ko sabuwar randa ka kawo ƙafewa zata yi. Kafin ka zargi altanetar ma ka duba fambel ɗin da ke juya ta, in ya saki ko ya tsattsage ko kana jin wani siririn ƙara da safe in ka tayar, to bel ne ke sulɓewa. In kuma lamba ta wuce 15 to caji ya yi yawa, yana dafa batir ne, har zaka iya jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ko kaga jikinsa ya kumbura. Wannan kar ka yi ta yawo da ita a haka.

Ka koyi sauraren motarka kuma, dan kunne ma mita ne. Ka murɗa makulli kaji kat-kat-kat da sauri, fitilun dashbod na disashewa, wuta ce bata isa ba, ko batir ya yi sanyi ko kan batir bai kama ba. Kaji kat guda ɗaya mai ƙarfi shikenan, fitila kuma tar bata rage ba, hankalinka ya tafi kan kik-sitata ko wayar da ke zuwa mata. Shiru kake ji ko kat babu, duba ko giya na kan P in otomatik ce, ka gwada tayarwa a N ma, in mai kuloci ce ka taka shi har ƙasa, sannan ka duba fiyus da rile na sitata. In kuwa injin na juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, to ka ƙyale batir ya sarara, ba laifinsa bane, mai ne ko tartsatsin fulogi. Ka murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kawowa ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen tanki, a yawancin motoci zaka ji famfon mai ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. In baka ji ba ka fara da fiyus ɗinsa.

Yanzu kan batir ɗin, wanda shi nafi zargi a taka. Ka kama kowane kai da hannu ka gwada juya shi, in ya motsa ko kaɗan to bai ɗauru ba. Wannan farin garin ko kore-kore da ke taruwa a kai yana tare wuta sosai, rediyo zata yi, hon zai yi, amma sitata da ke jan wuta mai yawan gaske ba zata samu abinda take so ba. Ka kashe mota ka zare makulli, ka cire zobe da agogon ƙarfe in kana da su, ka ɗauki sifana, yawanci lamba 10 ce. Negetif zaka fara cirewa, shi kuma zaka mayar a ƙarshe. Dalili kuwa, duk bodin motar haɗe yake da negetif, in ka fara da fositif sifana ta taɓa ƙarfen mota wuta zata tashi, kuma batir na fitar da iskar haidurojin mai kamawa. Ka kwaɓa bekin soda da ruwa ka wanke, ka goge da burushi har dalmar ta yi haske, ka busar, ka ɗaure tamau, ka ɗan shafa giris a sama. Daga nan ka bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin bodi da jikin injin, nan ma tsatsa na cin wurin, kuma in wannan wayar bata kama ba sai mota ta riƙa abu kamar mai aljanu, ka taka birki sigina ta kawo, ka kunna fitila geji ya motsa.

Akwai abu ɗaya da nake so ka hana kowa yi wa motarka ko waye shi. Wai a cire kan batir injin na aiki dan a gane ko altaneta na caji. Tsohon yayi ne na motocin da babu kwamfuta a ciki. Batir shi ke danne wutar altaneta ta zauna daidai, in ka cire shi wuta na iya tsalle ta ƙona kwamfutar motar ko ita kanta altanetar, kaga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mita ta riga ta baka amsar nan ba tare da ka cire komai ba.

In ta kama sai an jona maka da wata mota, ja daga fositif ɗinka zuwa fositif ɗin mai taimako, baƙa daga negetif ɗinsa zuwa wani ƙarfe mara fenti a jikin injinka, nesa da batir kaɗan. Wurin cirewa ka bi ta baya. Otomatik kuma ba a tura ta, kar ka wahalar da bayin Allah.

To idan batir lafiya, caji lafiya, amma in ta kwana biyu a ajiye sai ka tarar wayam? Wani abu ke shan wuta a ɓoye. Ka fara da masu sauƙi, fitilar but, ta cikin akwatin dashbod, caja da aka bari a soke, rediyo ko na'urar tsaro da aka ɗaura daga baya aka yi wayarin ɗin yadda aka ga dama. In baka gano ba, ka kashe komai, ka mayar da jar wayar mita ramin 10A, ka murɗa mitar kan 10A ɗin, ka cire negetif ka sa mitar tsakanin kan batir da wayar da ka cire, ka jira kamar rabin awa ko fi kwamfutocin motar su yi barci. Abinda bai wuce 0.05 ba babu damuwa. In ya fi haka sosai ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, wanda ka zare lamba ta faɗi to ɓarawon na kan layinsa. Amma fa kar ka kuskura ka murɗa makulli mita na haɗe a haka, zata ƙone, kuma in ka gama ka mayar da jar wayar raminta na da kafin ka sake gwada batir. Wani lokacin ma babu ɓarawon komai, gajeriyar tafiya ce kullum, a tayar a yi minti biyar a kashe, abinda sitata ta ɗiba bai dawo ba.

Fiyus kuma, yawanci akwati biyu ne, ɗaya a bonet ɗaya a ƙasan sitiyari, kuma taswirar na cikin murfin ko littafin motar. Kalarsu ma magana ce, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ka ɗaga shi a haske zaka ga ko siririn ƙarfen ya tsinke. Ka mayar da mai lamba irin tasa sak. Wanda zai ce maka a sa babba, ko a naɗa waya ko takardar azurfa a wurin, ka gode masa ka ƙi. An yi fiyus ne dan ya mutu a madadin wayar, in ka hana shi mutuwa wayar ce zata yi zafi a cikin dashbod inda baka gani, motoci na kamawa da wuta ta haka. In ka sa sabo ya sake tsinkewa nan take to waya ce ta goge tana taɓa bodi, duba inda wayoyi ke lanƙwasa wajen ƙofa da murfin but. Sigina in ta fara ƙiftawa da sauri ƙwai ne ya mutu a wannan gefen. Ƙwan fitilar gaba irin na halojin kuma kar ka kama gilashin da yatsa, maiƙon hannu na sa shi saurin ƙonewa.

Fitilar nan mai hoton injin da nasan ka daɗe kana kau da kai daga kanta. Motocin da aka yi dan kasuwar Amurka tun 1996, da masu fetur na Turai tun 2001, duk suna da wani soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, OBD2 ake ce masa. Akwai ƙaramar sikana da zaka soka ta haɗu da wayarka ta baka lambar matsalar da ta kunna fitilar. Sai dai lambar unguwa take nuna maka ba gida ba. Misali P0301 na nufin silinda ta ɗaya bata ƙona mai daidai, bai ce maka koyil mai ba fulogi wuta bane, ko shi fulogin, ko nozul mai fesa mai. In motar mai koyil ɗai-ɗai ce, ka musanya na ɗaya da na biyu, ka goge lambar ka ɗan zaga, in ta koma P0302 ciwon ya bi koyil kenan, shi kaɗai zaka saya. P0171 kuma iska ta yi wa mai yawa, sau da yawa wani tiyo ne ya tsage. In fitilar tana tsaye zaka iya lallaɓawa har ka duba, in tana ƙiftawa ka sassauta ka tsaya. Jar fitilar baƙin mai kam babu shawara, ka sauka gefe ka kashe injin nan take.

Sauran dai ka sani, sai lalaci. Baƙin mai a gwada shi mota na kan shimfiɗaɗɗen wuri injin a kashe, ya zauna tsakanin alamomi biyun, kuma cika shi ya wuce ma illa ne. In kaga ya koma fari-fari kamar an haɗa da madara ruwa na shiga, a duba gasket. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi. Kar ka yarda a cire tamostat wai dan mota ta daina zafi, a nemo dalilin zafin, ko fanka ko yoyo ko famfon ruwa. Iskar taya ka bi lambar da ke jikin takardar ƙofar direba, ba wadda ke jikin tayar ba, kuma da sanyinta ake gwadawa.

Akwai kuma inda hannunka zai tsaya. Soket masu launin rawaya na jakar iska ne, ka bar su. In wata rana ka koma haibirid, mai tafiya da fetur da kuma lantarki, manyan wayoyi ruwan lemo wutarsu kisa take yi, ba a wasa da su. Kar ka taɓa shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya ne. Birki da yoyon fetur ka kai wa masu sana'ar. In kaje ka faɗa musu abinda ka gani da lambobin da ka samu, kar ka ce musu ga abinda za su canza, ka bari su yi nasu gwajin, sannan ka tambaya cikin mutunci me aka gwada aka gane ya mutu, kuma ka karɓi tsohon abin da aka cire. Makaniki na ƙwarai baya jin haushin wannan tambayar.

Ummanku da ƙannenka na gaishe ka. Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.

Babanka