A koyar da zagayawar jini da zuciyar rago a hannu

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan yadda muke koyar da darasin motsin jiki da na zagayawar jini a makarantun sakandare da shekarar farko ta jami'a. Na daɗe ina koyar da bayoloji, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaro zai haddace cewa baligi yana da ƙasusuwa 206, zuciya kuma tana da ɗakuna huɗu, ya zana su tsaf a jarrabawar WAEC ko NECO, amma idan aka tambaye shi dalilin da ya sa ƙafar kakarsa ta kumbura bayan doguwar tafiya a mota daga Kano zuwa Legas, sai ya yi zuru.

A ganina, laifin namu ne da muka saba koyar da darussan biyu a rabe, kamar ba jiki ɗaya suke ba. Jinin da ya sauka ƙafa ba ƙarfin zuciya kaɗai ke mayar da shi sama ba. Duk lokacin da mutum ya taka ƙasa, tsokar dambubu tana matse jijiyoyin da ke cikinta, su kuma jijiyoyin suna da wasu ƙananan ƙyamare da ke buɗewa ta gefe guda kawai, saboda haka jinin ba ya samun hanyar komawa baya. Wanda ya zauna awa goma sha ba motsi ya dakatar da wannan aiki, jini ya taru a ƙasa, ruwa ya tsattsafo cikin nama. Hatta jajayen ƙwayoyin jini a cikin ɓargon ƙashi ake ƙera su.

Za a ce babu kayan aiki, kuma gaskiya ne ɗakunan gwaji da yawa sun zama kufai. Sai dai wannan darasi yana daga cikin 'yan kaɗan da ba su buƙatar na'ura mai tsada. Zuciyar rago, wadda kowane mahauci ke da ita, ɗakunanta huɗu ne kamar tamu. Idan malami ya tsaga ta a gaban ɗalibai, kowa zai taɓa da yatsa ya ji bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri nesa ba kusa ba, domin na hagu yana tura jini har tafin ƙafa, na dama kuwa iyakarsa huhu. A nan ne nake so a ambaci Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, wanda ya musanta maganar Jalinus, shahararren likitan Girkawan dā, cewa jini yana ratsa bangon tsakiyar zuciya ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani, ya ce ta huhu yake bi. Ban taɓa ganin ajin da bai nutsu ba idan aka zo wannan gaɓa, musamman in an bar yara su duba bangon da kansu.

Gwajin da William Harvey na Ingila ya bayyana a littafinsa na 1628 ma ƙyalle kawai yake buƙata. A ɗaure dantse sama-sama har jijiyoyi su fito, a danne ɗaya da yatsa, a shafe jinin zuwa sama, sai a ga ta kwanta ba ta sake cika ba sai an ɗaga yatsan. Bayan haka ɗalibai su ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsu suna zaune, wanda a baligi yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti guda, su zagaya filin makaranta a guje su sake ƙirgawa, sannan a tambaye su wa ya buƙaci ƙarin jinin.

Ina kira ga shugabannin makarantu da su ware ɗan abin da za a sayi zuciya da ƙafar rago, da safar hannu da sabuwar reza, a duk zangon da za a yi wannan darasi. Idan kuma ya faɗo kusa da Babbar Sallah, iyaye da yawa ba za su ƙi bayar da zuciyar ragon layyarsu ba.

Wassalam.

Tsohon malamin bayoloji,
Gusau.